Yadda Ake Adana Tarihin Unguwa da Tsofaffin Abokai da Kyamarar Wayar Hannu a Accra

A cikin akwatin ƙarfe na mahaifina, Allah ya jiƙansa, akwai wani hoto baƙi da fari na samari bakwai da suka jeru a bakin wani shago a Tudu, kowa da hularsa, ɗaya yana riƙe da keke. Mun gane mahaifina, mun gane ƙanensa, amma sauran biyar ɗin babu wanda ya san su a gidanmu yau, domin ba a rubuta komai a bayan hoton ba, kuma waɗanda za a tambaya duk sun riga mu gidan gaskiya. Wannan hoton ne ya sa na fara yawo da kyamara a Nima da Mamobi da Sabon Zango fiye da shekara goma da suka wuce, ina ɗaukar lunguna da shaguna da mutanen da muka tashi tare, ina rubuta sunan kowa.

Garin nan na Accra, wanda dattawanmu ke kira Ankara, ba ya jiran kowa. Wanda ya san shataletalen Circle kafin a buɗe gadojin sama a 2016 zai sha wuya kafin ya nuna wa ɗansa inda yake tsayawa jiran mota. Tsohuwar kasuwar Makola da aka rushe a 1979 sai a hoto da bakin tsofaffi ake samunta. Haka gidajen laka masu rufin kwano na zangunanmu suke faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, benaye suna hawa a gurbinsu, abokai kuma suna watsewa zuwa Kasoa da Kumasi da ƙasashen waje. Ga yadda nake aikin, daga shiri har zuwa ranar da hoton zai koma hannun mai shi.

Kayan aiki

Wayar da ke aljihunka ta isa, muddin kyamararta ta kai megapiksel 12. Irin wannan hoton yana da ɗigo kimanin 4000 a tsawo da 3000 a faɗi, kuma ana iya wanke shi ya kai girman takardar wasiƙa ba tare da ya dushe ba. Idan kana da kyamara ta musamman, madalla, amma kada ka jinkirta aikin kana jiran ranar da za ka saye ta, domin tsohon da kake son ɗauka ba lallai ne ya jira ka ba.

Sai ƙyalle mai laushi, irin na goge tabarau, don share idon kyamara. Sai fawa banki, saboda ɗauke wuta da kuma yadda kyamara ke shan batir. Sai ƙaramin littafin aljihu da biro, wanda a wurina darajarsa ɗaya da ta wayar. Ka tanadi fensir mai laushi, lamba 2B ko wanda ya fi shi laushi, don rubutu a bayan tsofaffin hotuna. Ka sami leda mai zif da za ka jefa wayar a ciki idan hadari ya taso, ka kuma tara 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, za su yi maka amfani wajen ajiya. Farin kwali babba yana taimakawa wajen mayar da haske kan fuska. Idan babu, farin mayafi ko farar jallabiya da wani zai riƙe maka sun wadatar. Daga ƙarshe kana buƙatar wurin ajiya na biyu, ko ma'ajiyar USB ko kwamfuta, kuma ka tabbata wayar tana da sarari kafin ka fita. Giga ɗaya yana ɗaukar hotuna wajen ɗari biyu da hamsin zuwa ɗari uku.

1. Rubuta jerin mutane da wurare

Kafin ka ɗauki hoto ko ɗaya, zauna ka rubuta sunayen mutane goma da wurare goma da kake tsoron rasawa. Ka sa mafi tsufa da marasa lafiya a sama, sannan gine-ginen da ka ji ana cinikinsu ko ka ga an fara sauke bulo a ƙofarsu. Kada ka tsaya kan manyan wurare kaɗai. Babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021, dubban mutane suna ɗaukarsa kullum. Makarantar allon da ka yi karatu, famfon da kuka yi layin ruwa, bencin da kuke shan ataya bayan Isha'i, teburin mai koko da ƙosai na bakin lungunku, waɗannan idan kai ba ka ɗauka ba babu mai ɗauka.

2. Saita wayar

Wannan aikin minti biyar ne. Duba cewa rana da agogon wayar daidai suke, domin tana liƙa su a jikin kowane hoto. Zaɓi girman hoto mafi girma, a tsarin 4:3. Kunna layukan nan da ke raba allo gida tara, za su taimake ka ka miƙar da gini. Kashe filasha. Kashe duk wata filta mai gyara fuska, domin tana goge tsagen gado da tamojin tsufa, tana kuma haskaka fata, har jika ya kasa gane kakarsa. Sannan ka goge idon kyamara, ka mayar da hakan al'ada duk lokacin da ka ciro wayar. Gumi da maiƙon yatsa su ne suke sa hoto ya fito kamar an ɗauke shi cikin hayaƙi, kuma mutane da yawa suna zargin wayarsu alhali ƙyalle kawai take so.

3. Zaɓi lokaci ka san haskenka

A Accra rana tana fitowa wajen ƙarfe shida na safe, tana faɗuwa wajen shida na yamma, kusan duk shekara, kuma da ta faɗi duhu yake rufewa nan da nan. Haske mai kyau yana nan daga shida da rabi zuwa takwas da rabi na safe, sai kuma daga bayan La'asar zuwa gab da Magariba. Da tsakar rana hasken yana sauka daga tsakiyar ka, idanu su zama ramuka, hula ta jefa inuwa a kan rabin fuska. Idan dole sai a lokacin za ka ɗauka, kamar bayan sallar Juma'a da kowa yake cikin shigarsa, ka ja mutumin zuwa inuwar rumfa ko bakin zaure, ya fuskanci waje inda haske yake shigowa, kai kuma ka ba hasken baya.

Akwai matsala guda da ta shafe mu musamman, wato baƙar fata cikin farar shadda. Wayar tana auna hasken duk abin da ta gani, sai farin kayan ya rinjaye ta, ta rage haske, fuskar ta nutse. Maganinta shi ne ka taɓa fuskar mutumin a allo da yatsa, ka jira alamar rana ko sandar haske ta bayyana, ka ɗan ja ta sama har ka ga ƙwayar ido da tsarin fuska. Kada ka wuce gona da iri har aikin wuyan riga ya ɓace cikin fari. A yawancin wayoyi, idan ka danne yatsa na ɗan lokaci, saitin zai kulle, ba zai canza ba ko da wani ya gifta. Idan gefe ɗaya na fuskar ya yi duhu, a nan farin kwalin yake aiki: yaro ya riƙe shi a gefen mai duhu, yana kallon inda haske yake fitowa.

Damina ma tana da nata. Daga Afrilu zuwa Yuli, musamman a Yuni, gajimare yana tausasa haske har ka iya ɗaukar fuska a kowane lokaci na yini, kuma bayan ruwa ya ɗauke launin bango da rufin kwano suna fitowa tas. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura tana dusar da nesa, don haka ka bar hoton gari daga kan bene zuwa wani lokaci, ka mai da hankali kan abin da ke kusa.

4. Neman izini

A nan ne masu farawa suka fi yin kuskure, kuma kuskuren nan yana rufe ƙofar da ba ta sake buɗuwa. Kada ka shiga unguwa da waya a ɗage. Ka bar ta a aljihu, ka yi sallama, ka durƙusa ka gaida manya, ka faɗi ɗan gidan wa kake. A ziyarar farko wurin dattijo sau da yawa ba na ɗaukar komai, hira kawai muke yi. Idan lokaci ya yi, ga irin abin da nake cewa: "Baba, ina so in ɗauki hotonku a nan bakin shago yadda kuke zaune kullum, don 'ya'ya da jikoki su samu. Zan wanke in kawo muku naku, kuma ba zan sa shi a intanet ba sai da yardarku." Ga tsohuwa kuma: "Mma, ko za ku ba ni dama in ɗauke ku a wurin tukunyar nan? Idan kuna so ku sake mayafi, zan jira." Ka jira ɗin da gaske, ko da minti ashirin ne. Mace tana da haƙƙin a gan ta yadda take so a gan ta.

Izini iri biyu ne, na ɗauka da na yaɗawa, kuma na farko ba ya ɗauke na biyu. Wanda ya yarda ka ajiye hotonsa a albam bai ce ka sa shi a Facebook ba. Akwai malamai da dattawan da ba sa son hoto saboda fahimtarsu ta addini. Kada ka yi musu gardama, kada kuma ka saci hotonsu daga nesa. Ka roƙi izinin ɗaukar buzunsu da allunan ɗalibai da tawada da ƙofar zaure, ka naɗi muryarsu idan sun amince. Kada ka ɗauki matar da ke takaba, ko gawa, ko masu kuka a gidan rasuwa. Yara kuwa sai da sanin iyayensu. Idan ke mace ce mai wannan aiki, kina da shiga inda namiji ba shi da ita, cikin gida da wurin girkin suna da lallen amarya, kuma wannan rabin tarihin zango ne da ba a cika ɗauka ba. Sai dai amanar da ke kanki ta fi nauyi, domin an saki jiki da ke.

Idan unguwar ba taku ba ce, nemi ɗan unguwa ya raka ka, kuma idan aikin zai daɗe ka kai gaisuwa wurin mai unguwa ko limami. Ka nisanci ɗaukar fadar shugaban ƙasa ta Jubilee House, wadda ba ta da nisa da Nima, da barikin soja da filin jirgin sama da shingen 'yan sanda. A wuraren cunkoso irin Makola da Circle, riƙe wayar da hannu biyu, ka ba bango baya.

5. Hoton mutum ɗaya

Ka ɗauki mutum a inda aka san shi: tela a kan kekensa, mahauci a bakin tukubar tsire, direba a jikin tirotironsa (ƙaramar bas ta haya), Hajiya a bayan tulin atamfofinta. Shekara talatin nan gaba wurin zai yi magana kamar yadda fuskar za ta yi.

Kada ka kusanta wayar da fuska sosai, domin idonta mai faɗi ne, yana kumbura hanci yana ƙanƙanta kunnuwa. Ja baya kamar taku biyu ko uku. Idan wayar tana da ido na biyu mai alamar 2x ko 3x, yi amfani da shi. Idan babu, kada ka ja hoton da yatsu biyu, hakan yanka ne kawai, yana zubar da inganci. Gara ka ɗauka da faɗinsa ka rage gefe daga baya. Ka sauko daidai tsayin idon mutumin. Idan yana kan tabarma, kai ma ka zauna. Duba bayansa kafin ka danna, kada sandar wuta ta tsiro daga kansa ko bokitin shara ya zauna kusa da kafaɗarsa. Mutanenmu da sun ga kyamara sai su ƙame kamar masu hoton fasfo. Ka ɗauki wannan ɗin, domin shi suke so kuma shi za su rataye, sannan ka ci gaba da hira, ka tambaye shi shekarar da ya zo Ankara ko wanda ya koya masa sana'a. Yana cikin ba da labari fuskarsa ta gaskiya za ta dawo, sai ka ɗauki uku ko huɗu a jere. Kafin ka tashi, ɗauki hannuwansa a kan aiki. Ina da hoton hannun wani tsohon maɗinkin hula, babban yatsansa ya yi kanta saboda allura, kuma 'ya'yansa sun fi son wannan a kan na fuskarsa.

6. Hoton abokai a haɗe

Tara tsofaffin abokai ya fi ɗaukarsu wuya, don haka ka yi amfani da lokacin da Allah ya tara su: Sallah, ɗaurin aure, suna, ko zuwan wani daga Turai ko Amurka. Kada ka bari sai an ci an sha ana shirin watsewa, lokacin haske ya tafi, mutum biyu sun sulale. Da an cika ka ɗauka. Idan da hali ku koma ainihin wurin da kuke zama a da, ko da ya zama shagon sayar da kati.

Jera su layi biyu, na gaba a zaune, na baya a tsaye, kowa a cikin haske iri ɗaya, kada rabi a rana rabi a inuwa. Bar sarari a dama da hagu, saboda idon waya yana miƙe wanda ke can gefe, kuma wurin wanki za a yanke wani abu. Ɗauki aƙalla biyar, tunda ba a rasa mai ƙifta ido. Sannan kai ma ka shiga. Masu ɗaukar hoto da yawa suna ƙarewa babu su a tarihin da suka tara. Jingina wayar a kan benci da gwangwanin madara ko butar shayi, saita ƙidayar daƙiƙa goma, ka ruga ka zauna. Kafin kowa ya motsa, buɗe littafinka ka rubuta sunaye daga hagu zuwa dama, layin baya sannan na gaba, da cikakken suna da laƙabin da aka fi sanin mutum da shi, domin a zango laƙabi ya fi suna tafiya.

7. Hoton unguwa

Kowane wuri ina ɗaukarsa sau uku: daga nesa yadda za a ga lungun da abin da ke kewaye da shi, daga matsakaicin nisa yadda za a ga ƙofa da masu shiga da fita, sannan kusa, kamar kwaɗon ƙofa ko rubutun ajami a bango ko lambar gida. Riƙe wayar a miƙe. Idan ka karkata ta sama, ginin zai yi kamar zai faɗi baya. Gara ka ja baya ko ka roƙi hawa benen maƙwabci.

Kada ka kori abubuwan da kake gani kamar ƙazanta ne ga hoto. Allon farashin mai waken shinkafa, fostar zaɓe, tallan kamfanin waya, lambar mota mai ɗauke da shekarar rajista a ƙarshenta, su ne za su faɗi zamanin hoton idan rubutu ya ɓata. Da irin wannan na gane shekarun wani tsohon hoto na kasuwar Nima: farashin da ke allo na dubbai ne, wato kafin canjin kuɗi na 2007, lokacin da sidi 10,000 ya koma sidi ɗaya.

Aikin da ya fi faranta mini rai shi ne maimaita tsohon hoto. Ka ɗauki tsohon a hannu, ka nemi abin da bai gusa ba, hasumiyar masallaci ko gadar kwata ko wata tsohuwar bishiya, ka yi ta matsawa gaba da baya har girmansa da matsayinsa su yi daidai da na tsohon hoton. Duba inda inuwa ta faɗi don ka gane ko safiya ce ko yamma, ka dawo a wannan lokacin. Idan mutanen cikin hoton suna raye, tsayar da su yadda suka tsaya, a bar gurbin wanda ya rasu a buɗe. Na yi haka da abokaina na makarantar dare: mu shida ne a tsohon, mu huɗu a sabon, kuma babu wanda ya iya magana na ɗan lokaci bayan mun duba allon wayar.

8. Rubuta bayani a ranar

Kada ka kwana ba ka yi wannan ba. Ga kowane hoto mai muhimmanci rubuta abu huɗu: wa, ina, yaushe, da dalilin taruwar. "Nima" kaɗai bai isa ba. Rubuta lungun da gidan da abin da ke kusa. Idan hannunka bai saba da rubutu ba, naɗi murya ka faɗi bayanin, ko ka bar dattijon ya faɗa da bakinsa, wanda ya fi daraja. Wata dabara mai sauƙi ita ce ka ɗauki hoton shafin littafinka nan take bayan hoton mutanen, sai su zauna kusa da juna a wayar. Idan ka juye a kwamfuta, sa wa kowace jaka suna da shekara a gaba, sai wata, sai rana, sai wuri, kamar 2024-04-10 Sallah Mamobi, domin su jeru da kansu bisa tsarin lokaci. A daren ka zaɓi masu kyau ka goge maimaici, in ba haka ba za ka tara dubu goma da ba mai iya dubawa.

9. Kwafar tsofaffin hotuna

Gidajen zango cike suke da hotunan situdiyo, kuma Accra tana da dogon tarihi a wannan sana'a. A Jamestown J.K. Bruce-Vanderpuije ya buɗe Deo Gratias a 1922, a can James Barnor ya yi situdiyonsa na Ever Young a shekarun 1950, a can kuma Felicia Abban ta buɗe nata. Saboda haka kullum ka juya bayan tsohon hoto, hatimin situdiyo ko kwanan wata na iya kasancewa a wurin, kuma ka ɗauki bayan kamar yadda ka ɗauki gaban.

Kada ka nemi a ba ka aro ka tafi da shi gida. Mutane suna tsoro, kuma suna da gaskiya. Yi aikin a gabansu. Shimfiɗa hoton a kan baƙin ƙyalle kusa da taga ko a inuwar tsakar gida, ba cikin rana ba, ba filasha. Riƙe wayar daidai samansa, a kwance kamar yadda yake kwance, ka kula kada inuwarka ta faɗa masa. Idan akwai sikana, sa ta a ɗigo 600 a kowane inci ga ƙananan hotuna. Idan hoton ya manne da gilashin firam saboda danshi, kada ka ɓamɓare shi, fuskar za ta biyo gilashin. Ɗauke shi ta cikin gilashin, ka sa duhun kaya don kada surarka ta fito. Kada ka yarda a liƙe tsohon hoto da ledar zafi irin ta katin shaida, domin ba a iya cire ta kuma, zafin ma yana cutar da shi. Idan ka tarar da nagatif, wato fim ɗin da ake wanke hoto daga gare shi, ka riƙe shi ta gefe ka adana, ya fi hoton da aka wanke ɗaukar bayani. Rubutu a baya kuwa da fensir mai laushi ake yi, a gefe, ba tare da dannawa ba. Biro yana huda takarda, tawadarsa tana cin hoton da ke ƙasa. Idan takardar mai santsi ce fensir bai kama ba, rubuta a wata takarda ka haɗa su a ambulan ɗaya.

10. Ajiya

Na taɓa sauka daga tirotiro na tarar babu wayata, da hotunan shekara biyu a ciki, har da hoton ƙarshe na mahaifiyar wani aminina, wanda na yi masa alkawarin wankewa ban yi ba. Har yau ina jin nauyin wannan idan mun haɗu. Tun daga ranar nake ajiye kowane hoto a wuri uku: a waya ko kwamfuta, a ma'ajiyar USB, da kuma wani wuri da ba gidana ba. Wuri na ukun yana iya zama intanet. Asusun Google yana ba da giga 15 kyauta, wanda ake rabawa tsakanin wasiƙu da fayiloli da hotuna. Rubuta kalmar sirrin a takarda ka ba wanda ka amince da shi, kuma idan ka canza lambar waya ka sabunta ta a asusun, domin ta nan mutane da yawa suke rasa komai. Idan kuɗin data ya yi maka yawa, sayi ma'ajiya ta biyu ka ajiye a gidan ɗan'uwa a wata unguwa, kana sabunta ta duk bayan Sallah. Ka sayi ma'ajiya a shagon da ka sani, ka gwada ta ta hanyar cika ta da buɗe hotunan, saboda akwai jabu masu nuna girman da ba su da shi.

WhatsApp ba wurin ajiya ba ne. Yana matse hoto, yana kuma goge kwanan watan da ke jikinsa. Idan za ka aika wa wani don ya ajiye ko ya wanke, aika ta zaɓin da ake tura takardu, sai ya isa da cikakken girmansa.

11. Wankewa da mayarwa

Duk wata uku zaɓi hotuna ashirin ko talatin ka kai wanki. Girman inci 4 da 6 yana buƙatar ɗigo 1200 da 1800 kawai, don haka hoton wayarka ya wuce abin da ake nema. Sai dai siffar takardar ta fi ta hoton waya tsawo, za a yanke sama da ƙasa kaɗan. Ka yanke da kanka tun a gida don kada injin ya cire hular wani. Kai ainihin fayil ɗin a ma'ajiya. Ka ce wa mai wankin kada ya ƙara wa fuska haske, kuma a fara da guda ɗaya ka gani kafin a wanke sauran. Ni na fi son takarda marar sheƙi, domin ba ta riƙe sawun yatsa.

Danshin teku shi ne babban abokin gabar hoto a garin nan. Ka guji albam mai shafuka masu gam, ka nemi mai aljihu. Idan za ka sa a firam, a sanya kwali a kewaye don hoton kada ya taɓa gilashi, kuma kada a rataye shi inda rana ke bugu. Albam da nagatif su zauna a roba mai murfi tare da 'yan ƙullin tsotse danshi, a saman kabad, ba a ƙarƙashin gado ba. Wanda ya ga ambaliyar 3 ga Yuni 2015 ya san inda ruwa yake fara shiga a ɗaki.

Ka wanke biyu na kowane hoton mutum, ɗaya naka ɗaya nasa, da suna da wuri da rana a rubuce. Kai masa da ƙafarka, kada ka aika yaro. Ka tafi da littafinka, domin da ya riƙe hoton zai fara gyara maka: wannan ba a nan shagon yake ba da, wancan ƙanen wane ne, gidan da ke baya na su wane ne kafin a sayar. Sau da yawa a wannan zaman ne tsohuwa take tashi ta shiga ɗaki, ta fito da leda ɗaure da tsumma, cike da hotunan da ko 'ya'yanta ba su taɓa gani ba. Idan haka ta faru, shimfiɗa baƙin ƙyallenka a inuwa, ka koma mataki na tara, ka tambaye ta sunayen ɗaya bayan ɗaya tun daga hagu.